Akwatin Baba Jibo

A Tsafe, duk wanda ya san gidan kallon Zaharaddeen ya san rigimarsa da Malam Shehu mai lasisi. Rigima ce ta shekara-shekara, kuma ba ta taɓa kai su ga zage-zage ba. Da an fara yankan gero sai ka hango Malam Shehu tafe a kan tsohon kekensa mai ƙararrawa, da jakar fata a rataye, yana bin shaguna da gidaje yana karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin. Mutum ne siriri mai sanyin magana, wanda ko korarsa ka yi sai ya yi maka sallama kafin ya juya. In ya iso gidan kallo sai ya jingine keken a jikin langa-langa, ya gaisa da Zaharaddeen, ya tambayi iyali, ya tambayi jikin tsoho, sannan ya kawo zancen lasisi kamar yau ya fara kawo shi.

Shi kuwa Zaharaddeen kullum amsarsa a bakinsa take, don Allah ya ba shi baki, kuma ba ya barin sa ya yi tsatsa. Talabijin uku gare shi a gidan kallon, da faifan tauraron ɗan'adam a kan rufi, da janareta a baya, matasan gari suna cika bencinansa duk ranar da ake ƙwallo. Sai ya miƙe tsaye, don ba ya iya gardama a zaune, ya ce shi duk wata yana biyan masu tauraro, yana sayen mai, yana gyaran benci, to a kan me zai biya kuɗin tashar gwamnati da ko eriyar kama ta bai da ita? Ya ce in ka kunna ta ba abin da za ka gani sai manya zaune a kujeru ana yanka kirtani ana tafi, hoton ma yana rawa kamar mai ɗaukar yana jin sanyi. Rediyonsu kuwa daga gaishe-gaishe sai sanarwar rasuwa sai zancen takin zamani. Kuma wa ya tabbatar masa kuɗin nan yana isa can ɗin ma? Matasa su yi ta dariya suna zuga shi. A gaskiya ba duk abin da yake faɗa ne ƙarya ba, sai dai yadda yake faɗarsa ne ke da cin fuska.

Malam Shehu yakan saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, Allah shi kai mu baɗi." Ya hau kekensa ya yi gaba. Shekara takwas ana haka. Bai taɓa kawo takardar sammaci ba, bai taɓa zuwa da wani ba, Zaharaddeen kuwa ya ɗauka ƙarfin bakinsa ne ya yi masa aiki.

Abin dariyar shi ne a cikin gidan Zaharaddeen tashar nan take da babban masoyinta. Mahaifinsa, Baba Jibo, tsohon direba ne. A Bungudu aka haife shi, can ya yi karen mota har ya karɓi sitiyari, sai da ya auri mahaifiyar Zaharaddeen ya dawo Tsafe da zama. Yana da wata baƙar rediyo a cikin rigar fata mai maɗauri, wadda ta girmi Zaharaddeen, allurarta ta kafe a wuri ɗaya don ba a taɓa murɗa ta zuwa wata tasha ba. Da yana tuƙi a jikin madubi yake rataye ta, shi ya sa 'yan tasha na zamaninsa ba su san shi da wani suna ba sai Jibo Mai Akwati. Tun da matarsa ta rasu rikicin tsufa ya fara kama shi. Yakan ci tuwo ya ce ba a ba shi ba, yakan kira Husna, matar Zaharaddeen, da sunan ƙanwarsa da ta daɗe a ƙasa. Wata rana ma sai ya dubi Zaharaddeen ya yi masa sannu da zuwa, ya tambaye shi daga wane gari yake. Amma bai taɓa mance lokacin labarai ba, bai kuma taɓa mance muryar Hajiya Lantana mai karanta sanarwa da cigiya ba. Da ta yi sallama a cikin akwatin zai gyara zama ya amsa mata da ladabi, in wani ya yi magana a lokacin ya ɗaga masa hannu. Zaharaddeen ya taɓa sayo masa sabuwar rediyo mai cin katin waƙoƙi, tsohon ya juya ta ya juya, ya miƙa wa Husna ya ce ta ajiye wa baƙon kayansa kada ya manta.

Ana nan sai shekarar nan ta zo da aka kashe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako. Waya ta koma fitila da agogo. Mai son kira sai ya shiga mota ya tafi Funtuwa a maƙwabciyar jiha inda layi ke aiki, wasiƙa ta dawo kamar zamanin da, direbobi suka koma 'yan aike, kowa ka gani a tasha da 'yar takarda a ninke yana neman mai zuwa garinsu. A cikin wannan hali ne, wata Talata, Zaharaddeen ya kai tsohon asibiti a Gusau don a duba hawan jininsa.

Sun ga likita lafiya. Da suka dawo tashar Gusau inda ake shiga motar Tsafe sai ya zaunar da shi a benci a ƙarƙashin rumfa, ya gyara masa maɗaurin rediyon a kafaɗa, ya ce kada ya motsa, shi zai tsallaka titi ya sayo magani. Ya tarar da layi a kantin. Bai fi minti ashirin ba ya dawo, ya tarar da bencin ba kowa. Wani mai rake da ke kusa ya ce ai tsohon ya tashi tun ɗazu, ya ce gida za shi, ya nufi bakin titi.

Zaharaddeen bai tsorata ba, haushi ya ji. Ya san halin 'yan mota, tsohon direba ba ya biyan kuɗin mota a wurinsu. Da sun ji dattijo yana yi musu maganar tasha irin ta da, sai su buɗe masa gidan gaba su ce Baba bismilla, ba mai tambayarsa wa ya rako shi. Saboda haka ya yanke cewa tsohon ya samu motar Tsafe ya riga shi gaba. Shi ma ya shiga wata motar, yana tafe yana shirya faɗan da zai yi a gida. Sai da ya yi sallama Husna ta fito tsakar gida ta duba bayansa ta ce ina Baba, sannan ya gane tsohon bai iso gida ba.

Abin da ya rage na yinin nan a kan hanya ya ƙare. Ya je 'Yandoto gidan goggonsa, ba a gan shi ba. Ya leƙa Bilbis inda wani tsohon abokin Baba yake, nan ma haka. Duk shingen jami'an tsaro da ya tarar sai ya tsaya ya nuna hoton tsohon a waya, a duba a girgiza kai. Hotunan Baba sun fi goma a wayar nan, ga ta cike da lambobin mutane, amma ba halin ya aika wa ko mutum ɗaya. Ya fito da ita ya mayar ya fi sau hamsin, don hannu ya riga ya saba. Ga maganin hawan jinin a aljihunsa, ga shi kowa ya san lokacin ba na yawo a bakin daji ba ne, balle ga tsohon da bai san inda yake ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, da nadamar barin sa shi kaɗai a benci. Ranar ba wanda ya runtsa a gidan.

Da gari ya waye, yana shirin komawa Gusau ya bi asibitoci da ofishin 'yan sanda, sai ya ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Malam Shehu ne, ba jaka a kafaɗarsa, a masallaci ya ji labari da asuba. Bayan ya yi jaje sai ya tambaya, "Akwatin nai na hannunai?"

"Shina hannunai, Malam. Ko bayi za shi, da shi shika tahiya."

"To mi kaka jira? Tahi gidan rediyo ka nemi Hajiya Lantana. Ko da bai gane ka ba, ita ya san ta."

Zaharaddeen ya sunkuyar da kai. Shekara takwas yana yi wa gidan nan ba'a a gaban mutumin nan, yau ga shi ana nuna masa ƙofarsu. Ya jira ya ji an goranta masa, amma Malam Shehu bai ƙara komai ba sai cewa ya yi sauri ya isa kafin labaran rana.

Ya isa Gusau da hantsi. A hanya ya riga ya ƙudurta cewa ko nawa suka ce zai biya, har yana fargabar kada a ce ya nuna takardar lasisi. Gidan rediyon da talabijin tsohon gini ne, da wata babbar darbejiya a harabarsa, ƙarƙashinta cike da mutane kamar tashar mota. Tun da waya ta mutu nan kowa ke kawo saƙonsa. Ga mai sanar da haihuwa ga dangi na ƙauye, ga mai ɗage ranar ɗaurin aure, ga wani dattijo da jakinsa ya ɓace. Wani masinja yana bin su da takarda yana rubuta sunaye bi da bi. Da ya ji mutum ne ya ɓata sai ya ce cigiyar rai ba ta bin layi, kuma ba a karɓar ko kwabo a kanta. Ya ja shi ciki, ba wanda ya yi gunaguni.

Zaharaddeen ya girma yana jin muryar Hajiya Lantana ta cika tsakar gidansu, don haka a ransa wata ƙatuwar mace ce. Sai ga 'yar ƙaramar dattijuwa da tabarau mai igiya, da kofin ruwan zafi da citta a gabanta. Ta ba shi kujera, ta ɗauki biro, ta fara da tambayar wace irin riga tsohon ya sa. Zaharaddeen ya yi ta ƙoƙarin tunawa. Shi ya ɗauko shi daga gida, shi ya zauna kusa da shi a mota da asibiti, amma ya rasa ko fara ce ko shuɗiya. Kunya ta rufe shi har ya ji hawaye na neman zubo masa. Hajiya ba ta ɗago ta dube shi ba, ta ce kada ya damu, cikin goma da ke zuwa nan bakwai ba sa tunawa. Sai ta bar zancen riga ta shiga wasu tambayoyi da bai zata ba. Wace sana'a ya yi da ƙuruciya, da wane suna abokansa ke kiransa, me ba ya rabuwa da shi, a ina aka haife shi. Da ya ce Bungudu sai ta ajiye biron.

"Ɗana, kai da anka ce maka ya ce gida za shi, ina ka nuhwa?"

"Tsahe, Hajiya."

"Shekara talatin ina cigiyar tsohhi. In irin su sunka ce gida, ba inda sunka kwana jiya suka nuhi ba, inda anka haihe su suka nuhi."

Ya miƙe zai fita a guje, ta ce ya zauna. Bungudu da ƙauyukanta ba wurin da mutum ɗaya zai bincike da ƙafa ba ne, kuma wa ya sani ko motar ta wuce da shi gaba? Ya bari a yi cigiyar, ya tsaya a nan inda mai kawo labari zai same shi. Da ta ji cewa tsohon yana amsa sallamarta kullum, sai ta ƙara rubuta wani abu a ƙasan takardar. Aka kuma karɓi wayarsa aka kai sashen talabijin, wani ya riƙe ta a gaban kyamara aka ɗauki hoton Baba.

Bayan labaran rana, yana tsaye a gindin darbejiya kusa da lasifikar da aka rataya wa masu jira, sai ya ji sallamarta. Ta karanta cigiyar da Hausar labarai tsaf, suna da shekaru da kamanni, da baƙar rediyo mai rigar fata, da inda aka rabu da shi. Wani ma'aikaci ya maimaita da Fillanci. Daga nan sai ta sassauta murya, ta koma maganar gida, kamar tana zaune a tabarma ɗaya da mutum.

"Baba Jibo Mai Akwati, Lantana ta ka yi maka magana. Duk inda kake, zamna nan, kak ka tashi sai na ce maka ka tashi. Yanzu miƙa akwatin ga ga wanda ak kusa da kai shi saurara. Kai kuma bawan Allah da anka miƙa ma, tsohon ga na da ɗa, shina nan ƙohwar gidan rediyo shina jira. Don Allah ka ba kowane direba mai zuwa Gusau saƙo."

Sau uku ta faɗa. Ƙarƙashin bishiyar ya yi tsit, har mai jaki ya cire hula yana addu'a. Ta tagar ɗakin jira Zaharaddeen ya hango fuskar mahaifinsa a talabijin, hoton yana rawa kamar yadda ya saba yi musu dariya, ya tsaya yana kallo har aka ɗauke.

Awa ɗaya da rabi ya yi a bakin ƙofar nan, duk motar da ta rage gudu sai gabansa ya faɗi. Can sai ga wata farar bas ta tsaya da fasinjojinta a ciki, direban ya leƙo yana tambayar ina ɗan Mai Akwati. Ya ce wata Bafillatana mai fura ce ta shiga tsakiyar titi a Bungudu ta tsare shi, saura kaɗan ya buge ta, ta ce ya zo ya faɗa tsohon yana gindin tsamiya kusa da tsohuwar kasuwa, lafiyarsa lau. Zaharaddeen ya koma ciki da gudu ya durƙusa a gaban Hajiya Lantana, godiyar ma ta ƙi fitowa daidai. Ta ce ya tashi ya tafi, amma ya sani ba lalle tsohon ya bi shi ba, don ita ta zaunar da shi. Ƙarfe huɗu za ta tashe shi, ya tabbata yana gabansa a lokacin.

Ya same shi kuwa a gindin tsamiyar, zaune a kan tabarma, da shuɗiyar riga, rediyon a cinyarsa. Matar da ke kusa da shi da ƙoren fura sunanta Saude, daga wata ruga take a bayan gari. Tun da aka rufe kasuwa a nan bakin hanya take zama. Ta ce jiya da la'asar wata mota ta sauke shi, ya yi ta zagaya wurin yana neman wani gida mai zaure biyu, yana tambayar mutanen da ba wanda ya san su sai wani tsohon ladan, shi ma ya ce duk sun rasu tun yana saurayi. In an tambaye shi daga ina yake sai ya ce shi ɗan nan ne. Ta dama masa fura ya sha, ladan ya kwanar da shi a zaurensa, da safe ya dawo gindin tsamiya. Ɗazu har ya miƙe ya ce zai bi hanyar gonarsu ta bayan gari, ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ga sallamar Hajiya daga cikin akwatin. Ya tsaya cak ya amsa. Da ya ji sunansa sai ya koma ya zauna, ya cire maɗaurin daga kafaɗa ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ce ta ji tsoron shiga maganar, don a kwanakin nan mutumin ruga ko alheri zai yi sai ya yi tunani biyu, amma da ta ji an ce yana da ɗa yana jira sai ta kasa zama.

Zaharaddeen ya tsuguna a gaban mahaifinsa, ya kama hannunsa ya ce su tafi gida. Tsohon ya dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ya zare hannunsa a hankali, ya ce ya yi haƙuri, Hajiya ta ce kada ya tashi. Ya lallashe shi, ya nuna masa magani, ya ambaci Husna da Tsafe, duk a banza. Maganin dai ya karɓa ya sha, amma tashi ya ce sai an ba da izini. Haka mai talabijin uku ya zauna a ƙasa a gindin tsamiya, ya ƙura wa tsohuwar rediyo ido yana jiran ƙarfe huɗu.

Da lokaci ya yi muryar ta fito, ƙasa-ƙasa don batir ya yi sanyi. Ta yi wa jama'a albishir an ga tsohon da aka yi cigiya, ta gode wa mai fura da direban bas, sannan ta ce, "Baba Jibo, ka kyauta da ka zamna. Wanga da ag gabanka ɗanka na, Zaharaddeen. Tashi ka bi shi ku tahi gida."

Tsohon ya ɗago ya daɗe yana kallonsa. "Kai na Zaharaddeen?"

"Ni na, Baba."

"To mi ya hana ka hwaɗi tun ɗazu? Kama ni in tashi."

Nan Zaharaddeen ya yi kukan da yake riƙewa tun jiya, a gaban mutane, bai damu ba. Ya ciro kuɗi zai ba Saude ta ƙi karɓa, ta ce su ma a ruga akwatin nan ne ke gaya musu ranar allurar shanu da hanyar da ba a bi, ba za ta karɓi lada don ta amsa kiransa ba. In yana son ya yi wani abu, ya saya wa tsohon batir, muryar Hajiya ta fara shaƙewa.

Washegari da safe ya sayo batir, ya zauna a zaure zai canja. Bai taɓa yi da kansa ba, Husna ke yi, ita kuma murfin ƙasa kawai take buɗewa. Shi da bai san kan abin ba sai ya zare rigar fatar gaba ɗaya, sai ga 'yan takardu a ninke suna zubowa daga bayanta. Rasiɗan lasisi ne, wasu sun yi ja don tsufa, da sunan Jibo Direba. A cikinsu akwai guda takwas da ba su tsufa sosai ba, an ɗaure su daban da zare. Ya warware ya duba. Kowanne da rubutun Malam Shehu, kowanne da sunan Zaharaddeen Jibo, gidan kallo.

Bai jira keke ya zo ba, shi ya taka har gidan Malam Shehu da takardun a hannu. Dattijon ya gan su ya yi murmushi, ya ce ai asiri ya tonu. Ya ce duk shekara in ya baro gidan kallo da kunnuwansa cike da jawabi, sai ya biyo ta ƙofar gidansu, Baba Jibo na jin ƙararrawa zai fito ya biya nasa ya biya na ɗansa, daga cikin 'yan kuɗin goron da Zaharaddeen ɗin ke ba shi. Ko da rikicin ya fara, ƙararrawar nan ba ta taɓa wuce shi ba. Zaharaddeen ya tuna yadda duk kaka tsohon kan yi makonni ba ya cin goro, yana cewa haƙori ke damunsa. Ya tambayi Malam Shehu, to tunda an biya, me ya sa yake zuwa kowace shekara ana yi masa dariya?

"Shi yac ce in riƙa zuwa. Ya ce kak in gaji, wata rana da hannunka za ka ba ni."

Zaharaddeen ya ninke takardun. Amma da yake hali ba ya barin mai shi, sai da ya sake tambaya a hankali, tsakani da Allah kuɗin nan yana isa gidan rediyon? Malam Shehu ya ce shi dai inda aka ce ya kai nan yake kaiwa, abin da ke gaba da nan ya fi ƙarfin kekensa. Ya ce ya taɓa jin wani ya yi wa Baba Jibo wannan tambayar, tsohon ya ce shi muryar gidan rediyon da ta raka shi hanya shekara arba'in yake biya wa, in wani ya tare a tsakani wannan tsakaninsa da Allah ne. Zaharaddeen ya sa hannu a aljihu ya biya na bana, nasa da na tsohon, ya karɓi takardu biyu.

A makon nan ya sayo eriya ya ɗaura a kan doguwar gora, ya ware ƙaramar talabijin ɗin ya ce daga yau duk magariba labaran gida za a fara gani kafin ƙwallo. Matasa suka yi ca, suka ce hoton na rawa. Ya miƙe tsaye ya ce ya sani, shi ya fara faɗa, kuma har gobe yana cewa su gyara, amma wanda bai iya haƙurin rabin awa ba ga hanya nan. Bakin da ya yi shekara takwas yana rushe tashar shi ya koma kare ta, kuma ba wanda ya iya ja da shi a nan ɗin ma.

Bayan kwana biyu, da la'asar, yana zaune a ƙofar gida kusa da tsohon, sai Malam Shehu ya gifta a keke ya kaɗa musu ƙararrawa ta gaisuwa. Baba Jibo ya zabura ya fara laluben aljihu. Da bai samu komai ba sai ya matso kusa da Zaharaddeen, ya dube shi irin kallon nan na baƙo, ya rage murya.

"Bawan Allah, tsai da man Shehu. Ban biya ma yaron nan nashi ba. Amma kak ka hwaɗa mashi, shina da zuciya."

Zaharaddeen ya dafa hannun tsohon. "An biya, Baba. Shi yab biya."

"Shi da kainai?"

"Da hannunai."

Tsohon ya daɗe yana gyaɗa kai, fuskarsa ta washe. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Dama na hwaɗa ma Shehu yaron kirki na." Ya jawo akwatin ya ɗora a cinya, ya ɗaga wa Zaharaddeen hannu ya yi shiru, don Hajiya ta yi sallama.